Kukan da Na Ara wa Kyaftin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Yaya ƙafar Inna? Tana shan maganin, ko har yanzu ƙarƙashin filo take tura shi? Yaya shago, da tsohon keken ɗinkin nan da kika ƙi rabuwa da shi?

Na san za ki ce me ya same ni da na ɗauki biro alhali ga waya. Likitan maƙogwaro ne ya ce in rage surutu in na tashi daga aiki, ke kuwa kin san in na kira ki sai batir ya mutu. Kuma a waya ba na iya maganar kirki, sai in ɓige da kwaikwayon muryar Inna ko ta mai gidan hayarmu har ki ce in kashe, cikinki ya ƙulle.

Albishirinki, na sami aiki. Tun da gidan rediyo ya daina wasan kwaikwayo nake zaune, shekara sha ɗaya ina yi musu murya, rana ɗaya aka ce mun gode. Yanzu wani kamfani ne ya ɗauke ni, masu yin wasan kwamfuta, irin wanda ake riƙe da abin latsawa a hannu ana tafiyar da mutum a cikin allo. Kada ki yi dariya. Ni ma na ɗauka shirmen yara ne, sai da na shiga na ga mutum arba'in a bene ɗaya, kowa da kwamfutarsa, wani aikinsa zana ruwa kawai, wata aikinta yadda gashi ke motsi in iska ta kaɗa.

Jarumar wasan mace ce, kuma ni ce muryarta. Kyaftin ake ce mata. Yaya, da kin gan ta! Shekararta hamsin da biyu, ga furfura, ga jiki kamar na Gwaggo, da tabon ƙuna a hannun hagu. Jirgin fito take tuƙawa. Ruwa ne ya ci wani birni, ita ke bi unguwa-unguwa tana kwaso mutane daga kan rufin gidaje. Duk wanda ya zauna yin wasan, namiji ne ko mace, ita zai zama. Da hannunta zai ja igiya, da idonta zai zaɓi wanda za a fara ɗauka in jirgi ya kusa cika.

Wata yarinya ce ta rubuta labarin, muna ce mata Mai Gilashi. Shekara uku tana kansa. Ba ta da yawan magana, amma in ana zancen Kyaftin sai ka ga har kunnenta ya yi ja.

Ɗakin da nake aiki bai fi banɗakin gidanmu ba. An liƙa soso a bango ko'ina, ga makirufo, ga tagar gilashi. Ta bayan gilashin wani dattijo ke zaune, Mai Na'ura, shi ke ɗaukar muryar. Kullum sai ya ajiye mini ruwan ɗumi da zuma, in na gode masa ya ce ba don ni yake yi ba, don kunnensa yake yi.

Jiya na yi wani wuri inda jirgi ke tangaɗi, mutane suna ihu, Kyaftin ta ce, “Ku zauna tsakiya. Kada kowa ya kalli ruwa, ni za ku kalla.” Sai da na fita na gane muryarki na ara, wadda kike yi wa 'yan koyo in sun yanka yadin mutane ba daidai ba. Mai Gilashi ta ce haka take jin ta a ranta tun farko. Kin ga ke ma kin shiga kwamfuta ba ki sani ba.

Ki gaishe da Inna, ki ce mata Aku ta sami inda ake son surutunta.

Ƙanwarki,
Aku


Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, da rigar. Ta yi mini daidai, sai dai wuyan, kin manta na rame. Na ji daɗi da jin cewa Inna ta fara takawa har ƙofar gida. Allah ya ƙara sauƙi. Ki yi haƙuri da shirun wata uku, abubuwa ne suka canza a wurin aiki, na rasa ta inda zan fara.

Kamfaninmu ƙarami ne, ba shi da ƙarfin kai wasan kasuwa, sai ya haɗa kai da wani babba. Manyan can suka turo mutanensu da wani sabon darakta. Suka tara samari masu yawan yin wasa, suka nuna musu, suka tambaye su ra'ayi. Daga nan aka kira mu taro.

Aka haska sabon zanen Kyaftin a bango. Yaya, ban gane ta ba. An mayar da ita 'yar shekara ashirin da uku. Furfura ta tafi, tabon hannu ya tafi, ƙugu kuwa tafin hannu biyu zai zagaye shi. Rigar ceton da take sawa an cire, wai tana ɓoye jiki. Abin da aka sa mata a maimako, in aka kawo miki shi shago a ce ki ɗinka, za ki tambaya ina sauran yadin. Mace mai aiki cikin ruwan sanyi da ƙarafa da fasassun kwalabe, an bar mata ciki da cinya a waje. In tana hawa tsani, ta ƙasa ake nuno ta.

Sannan aka kawo wani namiji cikin labarin, Soja. Shi an lulluɓe shi tun daga wuya har idon sawu. Da farko fasinja ne, kafin a kai rabin wasa shi ke riƙe da sitiyari, ita tana gefe tana nuna masa hanya. Maganar nan da na gaya miki, ta “ni za ku kalla”, yanzu daga bakinsa take fitowa.

Mai Gilashi ta miƙe a taron, ta ce wannan ba matar da ta rubuta ba ce. Darakta bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Cikin fara'a ya ce shi ma yana da 'ya'ya mata, yana girmama aikinta, amma samari sun ce ba sa son su wuni suna kallon bayan tsohuwa. Aka yi 'yar dariya. Ni ma, Allah ya yafe mini, na murmusa, don kowa na kallon kowa.

Ni kuma an ce in sirantar da murya, in sa mata numfashi. Na iya, ai sana'ata ce. Na maimaita duk abin da na yi a baya, layi ɗari tara da wani abu.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. A irin wasan nan, in mai wasa ya yi kuskure jaruma mutuwa take yi, sai a sake daga baya. Kowace mutuwa kuwa tana son sauti. Makon jiya aka miƙo mini jeri: mutuwa saba'in da uku. Nutsewa, faɗowa daga bene, wayar lantarki, ƙarfe ya soke ta, karnuka. Na tambayi Mai Na'ura nawa aka rubuta wa Soja. Ya ɗaga yatsu huɗu. Ya nuna mini ɗaya: harsashi ya same shi, ya ce “uh”, allo ya yi baƙi. Ita kuwa in za ta mutu sai hoto ya matso kusa, ya tsaya kan fuskarta, ya gangara jikinta, ya jira har ta daina motsi. Na duba agogo, wata mutuwar ta kai daƙiƙa ashirin.

Za ki ce in ajiye musu aikinsu. Na yi tunanin haka. Gaskiya biyu ce ta hana ni. Ta farko, a shekaruna ba kowa ke kiran mace aikin murya ba, kuma na tuna zaman da na yi. Ta biyu, ina ganin muddin ni ke mata magana, akwai sauran tsohuwar Kyaftin a ciki. Ban san wacce ta fi ƙarfi a cikin biyun ba, kuma ba na son in bincika.

Ki sa ni a addu'a. A gaida maigida.

Ƙanwarki,
Aku


Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ina fata kowa lafiya. Ki karanta wannan a gida, kada ki buɗe ta a shago gaban mutane. Sau huɗu ina fara ta ina yagawa.

Akwai abin da na yi miki, wata biyu ke nan ina ɓoye shi.

Ranar wata Talata da safe muka kai mutuwa ta arba'in da ɗaya. Ƙarfen gada ne ya danne Kyaftin, ruwa yana hawowa. Na yi ihu, Darakta ya ce a sake. Na sake, ya ce wannan ihun fim ne. Haka muka yi ta yi har sau goma sha takwas. Maƙogwarona ya fara ɗanɗanon jini. Mai Na'ura ya ce a huta, Darakta ya ce saura ɗaya. Ya matso bakinsa kusa da gilashi ya ce, “Ki ba ni na gaske. Ba ki taɓa jin mace ta rasa komai nata ba?”

Na rufe ido. Wallahi ban yi niyya ba. Sai na gan ni a barandar asibitin nan, kan bencin ƙarfe, da fulas a cinyata. Na ga likita ya fito ya cire gilashinsa. Na ji ki.

Shekara huɗu ba wanda ya ambaci 'yarki Shalele a gabanki, ni ma ban taɓa ba. Yau zan rubuta sunanta, don ba yadda zan yi. Kukan da kika yi lokacin da aka ce miki ta cika, shi ya fito daga bakina. Kin san kunnena, abin da ya shiga ba ya fita. Da yadda ya fara can ƙasa kamar ba na mutum ba, da inda ya karye a tsakiya, da numfashin da kika ja a ƙarshe. Duka na ba su.

Da na buɗe ido, Mai Na'ura ya cire abin kunnensa ya ajiye, yana kallon tebur. Darakta ya tafa hannu ya ce shi ke nan, an samu. Na fita na shiga banɗaki na wanke fuska. Na dawo na ci gaba da ta arba'in da biyu.

Na yi ta ba kaina haƙuri cewa ɗaya ce cikin saba'in da uku, za ta ɓace a ciki. Sai makon da ya wuce aka saki tallan wasan a intanet, kuma da wannan kukan aka rufe shi. Mutane suka yanko wurin. Wani ya ɗora shi kan kiɗa, wani ya haɗa shi da hoton akuya, wasu suka rubuta a ƙarƙashi abin da ba zan iya kwafa miki ba, don ba kukan mutuwa suka mai da shi ba. Shekaranjiya a cikin bas wani magidanci da jakar ofis a cinya ya kunna wa abokinsa, suka yi ta dariya, ya sake kunnawa. Ina zaune a bayansu. Na sauka tun ban kai ba, na ƙarasa da ƙafa.

Na je wurin shugaban kamfani na roƙe shi a cire. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa, ya fito da takardar da na sa wa hannu. Duk sautin da ya fita daga bakina a ɗakin nan nasu ne. Ban gaya masa na wane ne ba. Na ga ba ni da ikon in sake ba da ke a karo na biyu.

Na san 'yan koyonki ba sa rabuwa da waya. Na fi son ki ji daga gare ni kafin ya zo miki ta bakin ƙofar shago. Ba na neman ki ce ba komai, don akwai komai. In kin ga dama kada ki amsa.

Ƙanwarki


Zuwa ga Aku,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Inna na gaishe ki, ban gaya mata komai ba. Kin san ni da rubutu, ki yi haƙuri da hannun.

Takardarki ta kwana tara a aljihun jakata. Ranar farko da kina kusa da na mare ki. Ba zan ɓoye miki ba.

A rana ta goma na rufe shago da azahar, na sallami yara, na nemo abin a wayata. Sau uku na kalla. Ban gane muryar ba. Ni ban taɓa jin kukan nan ba, Aku. Ranar ban san na yi sauti ba, abin da na sani kawai sanyin siminti a gwiwata. Ashe ke kika riƙe shi shekara huɗu ke kaɗai, kina zuwa kina ba mu dariya. Wannan ma ya tsaya mini a rai.

Ban ce na huce gaba ɗaya ba. Amma ba ke na fi jin haushi ba.

Yarinyar nan ta cikin allo nake ta tunani. Wanda ya yanka mata kayan nan bai taɓa tsoma ƙafa a ruwan sanyi ba, wannan daban. Abin da na kasa ganewa shi ne me ya sa aka tsaya a kanta. Tana mutuwa, an kafa mata ido, an ƙi ɗauke kai. Lokacin da Shalele ta zo gargara, wata nas da ban san ko sunanta ba ta ja labule. Da ta cika, ta gyara mata riga, ta rufe ta har ƙafa kafin ta bari kowa ya shigo. Asibitin da ko maganin ciwon kai babu, amma an san wannan.

Ki koma wurin shugaban naku. Na ba ki izini, ki gaya masa kukan wace ce. Ki faɗi sunan 'yata, ki faɗi shekarunta sha shida. Ki karanta masa wannan takarda in kina so. Ki ce wata tela ce ke tambaya, su da suke da mutum arba'in da kwamfutoci, a cikinsu ba mai jan labule?

Kuma ki daina rubuta mini kamar sunanta garwashi ne. Kowa ya yi shiru don kada in yi kuka, ni kuma na yi shiru don kada in dame ku. Har na fara tsoron zan manta yadda take dariya.

In kin gama ki zo gida. Ki taho da rigar in rage miki wuyan.

Yayarki


Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da godiyar da ban san yadda zan rubuta ta ba. Ina fata kina lafiya, da Inna, da maigida.

Na yi yadda kika ce. Ranar Litinin akwai taron mako, kowa na nan. Da aka tambaya ko akwai mai magana, na miƙe na karanta takardarki daga inda kika ce kin rufe shago har zuwa tambayarki. Ban yi muryarki ba, da tawa na karanta. Na faɗi sunan Shalele a gaban mutum arba'in.

Na zauna. Can sai wata yarinya da ke zana motsin jiki ta ce ita ce ta zana mutuwar nan saba'in da uku, wata biyar tana yi, kuma ta daina cin abincin rana a kan teburinta. Mai Na'ura ya ce shekara talatin yana wannan aiki, in ba a cire kukan ba a nemi wani ya ƙarasa haɗa sautin. Daga baya Darakta ya same ni a matakala ya ce bai sani ba. Na ce masa ai bai tambaya ba.

Ga abin da aka samu, ba zan ƙara masa gishiri ba. An cire kukanki daga wasan da kuma tallan. Yanzu in Kyaftin ta mutu allo yana yin baƙi nan take, kamar na Soja. Shi ke nan. Shekarunta na nan ashirin da uku, kayan na nan, sitiyari na hannun Soja. Abin da mutane suka riga suka yanka suka watsa kuwa ba mai iya dawo da shi, yana nan yana yawo, wata rana za ki iya cin karo da shi. Mai Gilashi ta sa an cire sunanta, ta kwashe littattafanta a kwali ta tafi. Ta ce za ta sake rubuta wata matar a wani wuri, ban san ko za a bar ta ba. Ni kuma an sanar da ni cikin ladabi cewa in za a yi kashi na biyu, ƙaramar murya za su nema.

Jiya na yi layina na ƙarshe, na wuce wurin likita. Ya leƙa maƙogwarona ya yi tsaki, ya ce kwana goma kada in furta ko kalma ɗaya, in ba haka ba sai an yi aiki.

Zan shigo motar safe ranar Alhamis. Ki gaya wa Inna tun yanzu don kada ta ɗauka fushi nake yi. Ba zan iya ko amsa sallama ba. Zan jawo kujera kusa da kekenki in zauna, ke za ki yi magana. Ki ba ni labarin Shalele, ki faro tun daga ranar da aka haife ta.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Aku